Ku Tambayi Mai Gyaran Kwamfuta: Farin zaki, baƙar damisa da kuɗin fakiti

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Yaya. Ina buga wasan Planet Zoo a kwamfutar wana. Ina ganin wasu suna nuna farin zaki da farar damisa a gidan zu ɗinsu, ni kuwa duk 'ya'yan da zakunana suka haifa masu ruwan ƙasa ne. Wani abokina ya ce sai na sayi ƙarin fakiti, wani kuma ya ce in haɗa uba da 'yarsa kawai. Wa ya fi gaskiya? (Wani ɗalibi daga Aboabo, Kumasi)

Wa'alaikumus salam, ƙanena. Mayar da kuɗinka aljihu tukuna, domin abokinka na farko bai faɗi daidai ba. Zakin Afirka ta Yamma da damisar Bengal mai ratsi-ratsi suna cikin ainihin wasan tun da kamfanin Frontier Developments na Ingila ya fitar da shi a Nuwamban 2019, kuma fararensu ma suna ciki. Bambancin launin gashi, wanda ya sa za ka ga wannan kura ta fi waccan duhu, wannan ɗan zaki ya fi wansa ja, ya zo ne a gyaran da aka yi wa wasan kyauta a Agustan 2020. Fakiti dabba yake ƙara maka. Sa'ar haihuwar fari ba ya sayar da ita.

Abokinka na biyu ya fi kusa da gaskiya, kuma shi ne ya fi haɗari. Farin gashi irin wannan gado ne mai ɓuya. A halittar gaske, sai ɗa ya ɗauko ƙwayar daga uwa ya kuma ɗauko daga uba kafin ta bayyana a jikinsa. In daga ɓangare ɗaya ta zo, za ka gan shi da launin danginsa, alhali yana ɗauke da ita a ciki. In irin waɗannan biyu suka haɗu, a lissafi ɗaya cikin huɗu na 'ya'yansu ne zai fito fari. To ina za ka fi saurin samun biyu masu ɗauke da ƙwaya ɗaya? A cikin gida ɗaya. Hanyar da abokinka ya hango ke nan, kuma an riga shi binta.

A 1951 aka kama wani ɗan farar damisa a dajin Rewa na Indiya, sarkin wurin ya ajiye shi a fadarsa, aka sa masa suna Mohan. Da aka haɗa shi da mace mai launin da aka saba, 'ya'yan duk suka zo ja da baƙi. Sai aka mayar da shi kan ɗaya daga cikin 'ya'yan nasa, a 1958 aka samu farare. Da yawan fararen damisa da ke gidajen namun daji a duniya zuriyarsa ce, an yi ta juya jini ɗaya a tsakaninsu. Abin da ya biyo baya kuwa ba a sa shi a hoton talla: harara-garke, karkataccen ƙashin baya, tsagaggen dasashi, 'ya'ya masu mutuwa tun suna shan nono. Shi ya sa a 2011 ƙungiyar gidajen namun daji ta Amurka ta hana membobinta kiwo da gangan don neman farar damisa ko farin zaki.

Wasan ya kwaikwayi wannan, kuma ni a nan ya fi burge ni. Danna kan zakanyarka ka buɗe shafin gadonta, za ka ga ma'auni huɗu: girman jiki, tsawon rai, yawan haihuwa da ƙarfin garkuwar jiki. Haɗa 'yan uwa na jini, wasan zai yi maka gargaɗi. In ka yi kunnen uwar shegu, na haihuwa da na garkuwa su ne za su fara zubewa. Wata rana za ka samu farin naka, amma ga shi kullum yana hannun likitan dabbobi, ga shi bai iya ba da ciki ba. Duk mai kiwon tumaki a bayan gida a zango ya san wannan ba tare da kwamfuta ba: in rago ɗaya ya daɗe a garke yana hawa 'ya'yansa, 'yan ragunan sai su riƙa zuwa ƙanana marasa ƙwari, dole a je wani gida a aro rago.

Kai ma aro za ka yi. In kana buga sashen Franchise, wanda ke buƙatar intanet, akwai kasuwa inda 'yan wasa daga ko'ina suke sayar wa juna dabbobi da makin da ake kira Conservation Credits. Farare suna fitowa a can, da tsada, kuma ba sa daɗewa kafin wani ya wawure. Tara makin ta hanyar kiwon lafiyayyu kana sakin su daji. Sayi fari guda, ka haɗa shi da mace daga wani jini dabam. 'Ya'yan da suka kai munzali ka raba su da iyayensu ko ka sa musu maganin hana haihuwa, yana nan cikin wasan. Sannan ka sake nemo wani daga waje ka haɗa. Hanyar tana da tsawo, amma a ƙarshenta akwai zakin da zai rayu.

Bari in gyara maka wani abu da yara ke yawan faɗa a shagona. Farin zaki da farar damisa ba zabiya ba ne. Zabiya jikinta ba ya yin sinadarin launi sam, har idonta kan yi ja-ja. Farar damisa kuwa ratsinta baƙi yana nan, idonta shuɗi. Fararen zakuna an san su ne da yankin Timbavati na Afirka ta Kudu, su ma idonsu da launinsa. Zabiyar gaske da ta yi suna ita ce wani namijin gorila da aka kama a Ikwatoriyal Gini a 1966, ya zauna a gidan zu na Basalona har ya mutu a 2003 da ciwon dajin fata. Ya haifi 'ya'ya da yawa, ko ɗaya bai zo fari ba. Bayan mutuwarsa aka binciki gadonsa, aka gano iyayensa 'yan uwan juna ne na kusa.

Ni dai da za ka ji tawa, wannan mai ruwan ƙasa da kake rainawa ya fi farin daraja. Binciken da aka wallafa a 2014 ya ƙiyasta zakunan Afirka ta Yamma da suka rage a daji ba su wuce kamar 400 ba, a dajin da ya haɗa Benin da Burkina Faso da Nijar, da Niokolo-Koba a Senegal, da Kainji da Yankari a Najeriya. Namu ne, kuma shi ne ke ƙarewa.

TAMBAYA: Malam, ɗana ya hana ni sakat sai na tura masa kuɗi ya sayi "fakiti" a wannan wasa na dabbobi. Na ga suna da yawa. Wanne ya cancanci kuɗin, ko duk ɓarna ce? (Wata uwa daga Sabon Zango)

Hajiya, Allah ya ƙara haƙuri. Kafin maganar fakiti, a duba na'urar. Wasan ba ya kan waya. Kwamfuta ake so mai RAM aƙalla 8GB da katin hoto nata na kanta, ko PlayStation 5 ko sabuwar Xbox, waɗanda ya sauka a kansu a Maris na 2024. Laftof nawa aka kawo mini nan Alabar, fanka tana kuka, gindinta ya yi zafi har ba ya taɓuwa, saboda yaro ya cika gidan zu da dubban 'yan kallo a injin da aka yi don rubuta wasiƙa. Sannan fakiti ba ya aiki shi kaɗai, sai da ainihin wasan.

In na'urar za ta ɗauka, ki ce ya karanta miki jerin dabbobin kowane fakiti kafin ki taɓa MoMo. Suna yana ruɗi. Africa Pack na 2021, wanda kowa ke fara rugawa gare shi, dabbobi biyar ne kacal: farar karkanda, yanyawar hamada mai manyan kunnuwa, tsuntsun fengwin na gaɓar Afirka ta Kudu, wata 'yar dabba mai tsayuwa da ƙafa biyu tana gadi, da buzuzu. Sauran kayan gini ne da ado. Giwa, raƙumin dawa, dorina, ɓauna, kura, mugun dawa, duk yana da su tun farko.

Wanda zan zaɓa wa ɗan zango shi ne Arid Animal Pack na Yunin 2023. Dabbobi takwas, kuma yawancinsu kakanninsa da suka yi fataucin goro tsakanin Gwanja da Kano za su gane su: raƙumi mai tozo ɗaya, beguwa, barewar dama ta Nijar da Chadi, kyanwar hamada, baƙar karkanda, jakin dawa na Somaliya mai ratsi a ƙafa, maciji mai ƙaho, da addax, wani naman hamada mai murɗaɗɗen ƙaho wanda ya kusa ƙarewa a daji. Shi addax ma darasi ne a kan launi: da zafi gashinsa fari-fari ne, da sanyi ya koma toka-toka.

Barnyard Animal Pack na 2024 kuwa akuya ce da tunkiya da jaki da kaza da saniya, har da alade. Ban ga dalilin biyan sidi don kallon akuya a allo ba alhali tana bakin ƙofa tana cin ɓawon rogo.

Ɓarna ce? Ba na ce ba. Yaro yana koyon lissafin abinci da albashin ma'aikata da faɗin filin da kowace dabba ke bukata. Amma gani ya kori ji. Gidan zu na Kumasi, wanda aka buɗe a 1957, yana nan tsakanin Kejetia da Cultural Centre. Ki kai shi da la'asar sakaliya ya ɗaga kai ya ga jemagu sun yi wa bishiyoyi nauyi, suna shirin tashi.

TAMBAYA: Baƙar damisa wata dabba ce dabam? Mun yi musu a majalisa. (Wani direban trotro daga Tafo)

A'a, maigida, damisa ce dai mai ɗigo-ɗigo wadda baƙin launi ya yi wa yawa. In rana ta haske ta daga gefe za ka hango ɗigo-ɗigonta a ƙarƙashin baƙin. Uwa ɗaya kan haifi baƙa da mai ɗigo a ciki ɗaya. A damisar Afirka da Asiya gadon mai ɓuya ne, sai daga iyaye biyu. A jaguwa, mai kama da damisa ta Kudancin Amurka, wadda ta shigo wasan da South America Pack a 2020, gadon rinjaye yake yi, daga uwa ko uba kaɗai ya isa.

In kuna son sabon musu, ga shi: baƙin birin nan mai farar jela na Boabeng-Fiema, kusa da Nkoranza, fari fat ake haihuwar ɗansa, sai ya yi 'yan watanni kafin ya rikiɗe ya koma launin uwarsa.