Tambayoyin Masu Karatu: Ƙartin 'yan gaba a hokin ƙanƙara, 'yan wasa ne ko 'yan dambe?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Malam, ni malamin firamare ne a wani ƙauye da ke yankin Ringim a Jihar Jigawa. Ɗan yayana da ke karatu a Kanada yakan turo mini bidiyon wani wasa da ake yi da sanduna a kan ƙanƙara, mu kalla da matasan garinmu a shagon cajin waya bayan sallar isha'i. Ya ce ƙungiyar garin da yake zaune tana da wani yaro, Juraj Slafkovsky, da ake sa ran zai zama babban "fawa fowad". Mu dai abin da muke gani shi ne ƙarti suna bangazar juna da katanga, wani lokaci har su yar da sanduna su kama naushi, shi ya sa wasunmu suka ce ɗan dambe ne kawai aka damƙa wa sanda. Mene ne ma'anar wannan suna, su waye matasan da ake sa wa ido, kuma yaron nan ya cancanci yabon da ake yi masa?

AMSA: Wa'alaikumus salam, Malam. Sunan ba shi da alaƙa da fawar mahauta, ko da yake wanda ya ga yadda ake matse mutum a jikin katanga ba za a zarge shi ba idan ya yi wannan zato. Ma'anarsa ɗan wasan gaba mai ƙarfin jiki, wanda ya haɗa abu biyu da ba kasafai suke haɗuwa a mutum ɗaya ba: yana iya zura ƙwallo kamar gwanaye, kuma yana iya ture ƙato ya ƙwace wurin tsayuwarsa.

Sai an san filin ake gane amfaninsa. A gasar NHL, wadda ƙungiyoyi 32 na Amurka da Kanada suke bugawa, filin bai wuce tsawon mita 61 da faɗin mita 26 ba, an kewaye shi da katanga, kowane ɓangare kuma yana da mutum shida har da mai tsaron raga. Abin da muke kira ƙwallo a nan wani ɗan faifan roba ne mai tauri, ragar kuma faɗinta ƙafa shida ne, tsayinta ƙafa huɗu, ga mai tsaron gida sanye da kayan kariya sun cika masa jiki. Idan yana ganin faifan tun daga nesa, da wuya a ci shi. Saboda haka ana buƙatar wanda zai je ya kafe a gabansa ya tare masa gani, ya jure duka da turi daga 'yan baya, ya karkatar da faifan da bakin sanda ko ya tura wanda ya dawo daga jikin mai tsaron. Haka kuma idan faifan ya maƙale a lungun fili, shi ne zai shiga ya ba abokin hamayya baya ya fito da shi. Wannan aikin ya fi kama da kokawa fiye da dambe, domin sirrinsa yana ƙugu da kafa ƙafa, kuma duk wanda ya taɓa kallon kokawar bayan girbi ya san ba mafi girman jiki ne kullum yake kayarwa ba.

Batun naushi kuwa, matasanku ba su yi ƙarya ba, akwai shi, kuma hukuncinsa a NHL minti biyar ne a wajen fili ga kowane ɗaya. A watan Fabrairun 2025, da Amurka ta kara da Kanada a birnin Montreal, faɗa uku aka yi cikin daƙiƙa tara na farko, biyu daga ciki na 'yan gida ɗaya ne, Matthew da ƙanensa Brady Tkachuk. Sai dai Brady ɗin nan, wanda aka naɗa kyaftin ɗin Ottawa Senators a 2021, ya ci ƙwallo 37 a kakar 2023 zuwa 2024, kuma ba a cin wannan adadi da dunƙulen hannu. Wanda naushi kaɗai ya iya, wani sunan ake ba shi, kuma irinsa sun yi ƙaranci a gasar yanzu.

Wani abin da zai yi muku daɗin ji shi ne ɗaya daga cikin manyan da ake auna matasa da su yana da jinin Najeriya. Jarome Iginla, wanda ya yi suna a Calgary Flames ya kuma ci ƙwallo 625 a gasar, mahaifinsa Bayarabe ne, kuma ɗansa Tij shi aka ɗauka na shida a 2024 a zaɓen sababbin 'yan wasa, wanda ƙungiyoyin NHL suke yi duk shekara, suna ɗaukar matasa bi da bi.

Yanzu ga yaron da kuka tambaya. Slafkovsky ɗan ƙasar Silobakiya ne, an haife shi a 2004, kuma duniya ta san shi ne a gasar Olamfik ta hunturu da aka yi a Beijing a 2022, inda ya ci ƙwallo bakwai a wasa bakwai yana ɗan shekara 17, ƙasarsa ta samu tagulla, shi kuma aka zaɓe shi gwarzon gasar. A shekarar ce Montreal Canadiens ta ɗauke shi na farko a zaɓen sababbin 'yan wasa. Daga nan sai abin ya yi sanyi, domin a kakarsa ta farko ƙwallo huɗu kacal ya ci a wasa 39 kafin rauni ya zaunar da shi, magoya baya kuma suka fara cewa an yi zaɓen tumun dare. A kaka ta biyu ya ci 20, ƙungiyar ta ba shi kwantiragin shekara takwas a 2024.

Na daɗe a kan wannan ne saboda ba labarinsa ba ne shi kaɗai. Quinton Byfield na Los Angeles Kings, wanda tsayinsa ƙafa shida da inci biyar ne, an ɗauke shi na biyu a 2020, matsayin da babu baƙar fatar da ya taɓa kaiwa kafinsa. Ya karye a idon sawu a 2021, ya ci ƙwallo uku kawai a wasa 53 a kakar 2022 zuwa 2023, sannan a mai bi mata ya ci 20. Tage Thompson na Buffalo Sabres ya fi su daɗewa, domin an ɗauke shi tun 2016, bai yi abin a zo a gani ba sai bayan shekara biyar, lokacin da ya ci 38, ya kuma biyo da 47. Manomi ya san bambancin gero da maiwa: tare ake iya shuka su, amma wanda ya je gonar maiwa ranar da ake yankan gero ya ce ba ta yi ba, shi ne bai san amfanin gona ba. Ƙananan 'yan wasa masu zafin nama su ne geron, waɗannan dogayen kuwa sai an jira su.

Dalilin a bayyane yake. Yaron da ya girme wa sa'o'insa a jiki yakan ture su ba tare da dabara ba, don haka ba ya koyon ta da wuri, sai ya shiga NHL ya tarar da magidanta masu nauyin kilo 100 kamarsa waɗanda suka fi shi sanin inda ake sa kafaɗa. A nan ne zai fara koyon yadda zai sarrafa dogayen ƙafafu a kan siririn ƙarfen da ke ƙarƙashin takalmin da ake sulu da shi a ƙanƙara, da yadda zai yanke shawara cikin ƙiftawar ido a wurin da bai fi tabarma faɗi ba. Abin takaicin shi ne jikin da ya daɗe bai nuna ba yana iya lalacewa da wuri. Cam Neely, wanda da yawa suke ɗauka shi ne ma'aunin wannan matsayi, ƙungiyar Vancouver ta gaji da jiransa ta miƙa shi ga ta Boston a 1986, ya je can ya zama dodo, amma ciwon ƙugu da gwiwa suka raba shi da wasa a 1996 yana ɗan shekara 31.

Idan kuna son ra'ayina, wanda ya fi kama da asalin wannan matsayi a cikin matasan shi ne Matthew Knies na Toronto Maple Leafs. Ba a yi masa shela ba, na 57 aka ɗauke shi a 2021, ya yi shekara biyu a jami'ar Minnesota kafin ya shigo, ya ci 15 a cikakkiyar kakarsa ta farko, ya ɗaga zuwa 29 a ta biyu, kuma mafi yawan aikinsa a bakin raga yake yi. Slafkovsky ya fi shi laushin hannu da iya ba da ƙwallo, abin da ake ƙorafi a kansa tun farko shi ne yakan nemi abokin da zai miƙa wa a inda ya kamata ya kutsa da kansa. Ya cancanci a sa masa rai, amma ku gaya wa ɗan yayanku kada ya yi gaggawar jera shi da su Iginla.

In an sake turo muku bidiyo, Malam, ku daina bin faifan da ido, domin a allon waya ma da ƙyar ake ganinsa. Ku nemi Slafkovsky, mai lamba 20 cikin jar rigar Montreal, ku duba inda yake tsaye daƙiƙa biyu kafin a buga wa raga, ku kuma ƙirga sau nawa ya shiga lungu da mutum biyu ya fito da faifan a bakin sandarsa.