Tambaya da Amsa: Tumatirin garkar makaranta ya ƙone

Tambaya: Assalamu alaikum. Ƴan ajina sun dasa tumatir a garkar makaranta cikin Maris, bai yi mako ba duk ya yanƙwane, alhali kullum muna ban ruwa. Ina kuskuren yake? Daga wani malamin firamare, Tawa.

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Kun makara ne. A Maris zafi ya riga ya kawo kai, shi kuwa tumatir a Adar, yankinku na Tawa, ɗan sanyi ne. A yafa iri cikin Oktoba, a dasa bayan kwana 25 zuwa 30, yana da ganye huɗu ko biyar. Da la'asar ake dashe, a bar santimita 50 tsakanin tushe da tushe, a rufe gindin da karan hatsi don laima ta daɗe.

Sai taki, inda aka fi yin ɓarna. Ɗanyen kashin awaki yana ƙona saiwa. A tara shi cikin rami da busasshen ganye, a jiƙa, a riƙa juyawa duk mako biyu. Ba yara sanda su cusa cikin takin: in ta fito da zafi, bai nuna ba. Nunanne baƙi ne, ba ya wari.

Yanzu dai ku shuka zogale da yakuwa, sun fi jure rana.