Sulallan da 'Yan Kasuwa Suka Buga wa Hatimi

Tambaya: Malam, ina tara tsofaffin sulalla, kuma na sami wani sulai na tagulla wanda aka buga wa sunan wani ɗan kasuwa da ƙarfe. Shin wannan bai zubar da darajarsa ba?

Amsa: Ɗan'uwa, ba lalle ba ne, domin akwai masu tara sulalla waɗanda irin naka kaɗai suke nema. A ƙarni na 19, masu sayar da magani da maƙeran azurfa a Amurka da Kanada sukan buga sunayensu a jikin kuɗi, ya zama talla mai yawo daga hannu zuwa hannu. A Ingila dokar 1853 ta hana ɓata kuɗin ƙasa, shi ya sa a shekarun 1880 kamfanin sabulun Pears ya shigo da sulallan santim 10 na Faransa ya buga musu sunansa. 'Yan kasuwar Sin kuwa, ƙananan alamunsu a kan dalar azurfa shaida ce cewa sun gwada ta, ba jabu ba ce.

Farashi yana tashi ne idan aka gano mai hatimin da garinsa da sana'arsa. Ka duba naka da gilashin ƙara girma: tsohon bugu yakan sha gogayya daidai da sauran jikin sulan, tsatsa da datti sun zauna a ramukan haruffan. Haruffa masu kaifi da sheƙi a kan sulan da ya lashe abin tuhuma ne. Don Allah kada ka goge shi, domin gogewa tana rage masa daraja sosai.