Me ya sa manhajar rubutu ke sanƙarewa a kan fayil mai dogon layi?

Malam daga Gombe, ka ce fayil ɗinka na JSON (wani tsarin adana bayanai a rubuce) bai fi megabait 5 ba, amma da ka buɗe shi kwamfutar sai ta sanƙare. Ba girmansa ne matsalar ba, tsawon layinsa ne. Irin waɗannan fayiloli galibi duk abin da ke cikinsu na kan layi ɗaya tak.

Manhajojin rubutu layi-layi suke aiki. Duk harafin da ka ƙara, sai manhajar ta sake bin layin tana yi wa kalmomi launi, tana auna inda za ta naɗe shi, tana neman abokin kowace baka. A layi mai haruffa 80 ba a ji, a mai miliyoyi kuwa nan take cijewa.

Fara duba tsawon da `wc -L fayil.json` idan kana kan Linux. Sannan ka warware shi zuwa gajerun layuka da `jq`, manhajar sarrafa JSON, wato `jq . fayil.json > sabo.json`, ka buɗe sabon. Idan dole ka buɗe na asalin, kashe naɗe layi da launin kalmomi. A cikin manhajojin rubutu, Vim da kansa yana daina launi bayan harafi na 3000, Emacs kuma yana da `so-long`, wanda ke rage masa aiki a kan dogon layi, tun sigar 27.

Kada ka sayi ƙarin RAM saboda wannan, da wuya ya taimaka. Kada kuma ka yanka layin da umarnin `fold` ka ajiye a kan na asali, domin yana iya karya rubutu a tsakiya ya lalata fayil ɗin. Idan kuma fayil mai dogon layin kwafin rumbun bayanai ne na SQL, bar wa mai kula da rumbun ya gyara.