Amsa: Yaya zan koya wa ɗalibaina kasuwanci a aikace?

Wa'alaikumus salam Malam. Ka ce yaran naka na SS2 suna haddace darasin kasuwanci su ci jarrabawa amma ko goro ba za su iya sayarwa ba, to wallahi nima na sha wannan fama kafin na rage cika allo da rubutu.

Ni raba su na yi biyar-biyar, kowane rukuni suka haɗa ɗan jari, wasu suka saro hijabai a Kantin Kwari, wasu turaren wuta, wasu huluna. Suka buɗe WhatsApp Business da wayar iyayensu (kar ka yarda a sa lambar yaro, balle 'yan mata), suka jera hotuna da farashi suna ɗorawa a sitatus. Ɗaukar hoton ma darasi ne, a fito waje da hantsi a shimfiɗa farin ƙyalle, ba cikin ɗaki mai duhu ba.

Amma inda suka fi jin jiki wajen lissafi ne. Wani rukuni sun zo suna ta murna wai sun ci ribar naira 3,000, da muka zauna muka cire kuɗin data da na ɗan sahu da ledar ƙunshe kaya sai ga 400 kacal, kowa yayi tsit. Kuma ka ja musu kunne kan alat ɗin bogi, kaya kar su fita sai an buɗe OPay ko Moniepoint an ga kuɗi da ido. Bashi kuwa ka hana tun ranar farko, don 'yan ajinsu ne za su fara karya su.