Ko dole sai an zura wa Baba bututu kafin a duba jijiyoyin zuciyarsa?

Malam, ba dole ba ne. Akwai hoton CT: a yi wa Baba allurar ruwan da ke haska jijiyoyi, ya riƙe numfashi na 'yan daƙiƙu, shi ke nan. Daga hoton ne kwamfuta ke lissafa matsin jini bayan inda jijiyar ta tsuke. In lissafin ya nuna 0.80 ko ƙasa, wato matsin ya ragu da kashi 20 cikin ɗari ko fiye, tsukewar na tauye jini da gaske, a nan ne bututun kan shigo. Tun 2014 Amurka ta amince da manhajar HeartFlow mai wannan aiki.

Amma a fara gwada ƙodarsa, don ruwan nan kan wahalar da ƙoda mai rauni. In kuwa ƙirjin na ciwo yanzu, har da zufa, a garzaya asibiti, kar a tsaya jiran hoto.