Ma'anar "put off" da yadda ake amfani da shi

Ka tambaya ko "put off" daidai yake da "postpone". E, a ma'anarsa ta farko: ɗage abu zuwa wani lokaci. "They put off the wedding until December", wato sun ɗage bikin zuwa Disamba. Sai dai "postpone" ya fi dacewa da takardar ofis, shi kuwa "put off" na hirar yau da kullum ne, kuma sau da yawa yana ɗauke da ƙanshin jan ƙafa, irin na mai bashi da kullum sai ya ce gobe.

Inda ɗalibai suka fi tuntuɓe shi ne wakilin suna. Dole ya shiga tsakiya: "put it off", ba "put off it" ba. Suna kuwa yana iya zama ko'ina, "put the meeting off" ko "put off the meeting". In aikatau ne ya biyo baya, sai ya ɗauki -ing: "She put off paying the rent". Kada ka ce "to pay". Kalmar "put" kuma ba ta canzawa ko da abin ya wuce.

Akwai wata ma'anar daban. "The smell put me off my food" na nufin warin ya kashe mini sha'awar abincin.

Kada ka haɗa shi da "call off", wanda shi sokewa ce gaba ɗaya. Batun kashe fitila kuwa, ko da yake "put off the light" ya zama ruwan dare a Najeriya, a jarrabawa rubuta "switch off" ko "turn off".